Jitar Malam Bitrus da Samfefata

Gumel,
cikin watan Rajab.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin kasuwa, da sharrin abin da hannunka ya iya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ranar da ka durƙusa ka yi mini sallama ban ce maka komai ba sai "Allah Ya kiyaye hanya." Na ga ka tashi jiki a sanyaye, kana zaton fushi nake yi. Ba fushi ba ne. Maganar ce ta yi wa bakina yawa, shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban motar Kano ya kawo maka.

Na san dalilin da ya sa mai shagon kayan kiɗan nan na Sabon Gari ya ɗauke ka. Ba don ka iya haɗa gado ko ƙofa ba ne. Ya ɗauke ka ne don ka iya karɓar sabuwar jita mai lantarki, fil daga kwali, ka mai da ita kamar wadda ta tsufa a hannun makaɗi. A wurina ka koya. To, ka san yadda ake yi, amma ba ka san yadda aka yi na iya ba, kuma ba ka san abin da ya ci mini ba. Kana ƙarami aka fara, kana makarantar kwana aka yi sauran.

Kana iya tuna Malam Bitrus? Dogon nan mutumin Filato da ke aiki a ofishin gona, wanda ya kama haya kusa da shagona. A duniya ban yi aboki kamarsa ba. Kwano ɗaya muke ci da rana. In Sallah ta zo na aika masa nama, in Kirsimeti ta zo ya aiko mana shinkafa. Yana da jita ja wadda yake kaɗawa a cocinsu ran Lahadi. Da la'asar kuma, in ya taso daga aiki, sai ya jona ta da batirin mota da 'yar ƙaramar sifika, ya zauna a bencina yana kaɗawa a hankali, ni kuwa ina fiƙe katako. Ni ba mai jin kiɗa ba ne, amma na saba da ita har in ban ji ta ba sai aikin ya ƙi yi mini sauri.

Jitar nan ta ga duniya. A gefenta na sama, inda hannu ke kwanciya, jan fentin ya cinye sarai, katakon ya fito ya yi duhu ya yi santsi kamar tsakiyar taɓarya. Bayanta duk ƙarzunan kan bel ne. Bayan wuyanta ya yi baƙi da gumi. A kanta akwai tabon ƙunar taba. Duk sanda na dube ta sai in ji kunya ta kama ni, a ce abokin kafinta ne ke yawo da wannan.

Wata shekara zai tafi hutu gida, ya kawo mini ita ya ce, "Malam Idi, wuyanta ya ɗan saki. Ka ɗaure mini kafin in dawo."

Kafin azahar na gama abin da ya sa ni. Sai na tsaya ina kallonta. A lokacin ban daɗe da sayen injin feshi ba, kuma ina da ragowar jan fentin mota. Zuciyata ta ce, ga ranar da za ka faranta wa abokinka. Na kwance ƙarafunta, na kankare ta tas, na cike duk wani rami, na fesa, na goge, na sake fesawa, har ta kai mutum yana ganin haƙoransa a jikinta.

Mahaifiyarka ta kawo mini abinci ta gani. Ta ce, "Malam, shi ya ce ka yi?"

Na ce, "Alheri ai ba ya neman izini."

Ran da ya dawo na zaunar da shi, na yaye zanen da na rufe ta da shi, ina murmushi ina jiran ya rungume ni. Ya matso ya dube ta. Can ya miƙa yatsa ya shafa gefen nan na sama.

Ya ce, "Malam Idi, ina wurin nan?"

Na ce, "Na gyara shi. Duk na gyara."

Ya ce, "Ai ba lalacewa ba ce. Hannun yayana ne, Ayuba. Tasa ce. Shi ya koya mini, kuma tun yana saurayi yake kaɗa ta har ciwo ya kwantar da shi. Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. In na ɗora hannuna a wurin nan, a kan nasa nake ɗorawa."

Salisu, da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe ta a zanen, ya ce, "Na gode da wahalar da ka sha," ya fita.

Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Don haka ka ji abu na farko: duk abin da aka kawo maka, ka yi abin da aka ce ka tsaya nan. In hannunka yana ƙaiƙayin ƙari, ka tambaya. Abin da kake gani datti ne, wataƙila shi kaɗai ya rage wa mai shi. Ni shekara da shekaru muna cin kwano ɗaya da mutumin nan, ban taɓa tambayarsa inda ya sami jitarsa ba. Ina kallon fenti, ban kalli abokina ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko. Abin da ya kamata in yi shi ne in je ɗakinsa in zauna, in ce na yi ɓarna, ba ni da yadda zan mayar, ka yafe mini. Sai girman kai irin na mai sana'a ya hana ni. Na ce abin da hannu ya ɓata hannu zai gyara. Na yi ta roƙonsa har ya sake ba ni jitar.

Na ajiye aikin mutane. Na yanko guntayen katako na fesa musu ragowar fentin, na shiga gwaji. A nan na koyi duk abin da ka sani. Na gano cewa samfefa, takardar gugar katako, in mai kaushi ce tona asiri take yi, sai mai laushi, a jiƙa ta, a bi inda hannu zai bi. Na gano cewa in aka shanya fenti a rana ya yi zafi, aka watsa masa ruwan randa, zai yi 'yan tsage-tsage kamar dunduniyar tsohuwa. Na jiƙa goro da ganyen shayi na shafa wa farar robar gabanta ta koma ruwan ƙwai. Na kwantar da ƙarafa cikin gishiri da toka har suka dushe. Na riƙa jifan bayanta da ɗaurin makullai. Ni da ban taɓa shan taba ba, na aika aka sayo mini kara ɗaya na ƙona kanta daidai inda na tuna tabon yake. Inda katako ya fito na murza masa man gyaɗa da ƙasar bakin ƙofa.

Da na gama, telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce, "Au, ashe fasa fentin ka yi?" Na ji daɗi har cikin raina. Na ce na mayar.

Malam Bitrus ya zo, ya karɓa, ya jujjuya ta. Ya ɗora a cinya ya taɓa tsirkiyoyin kaɗan, sai ya tsaya.

Ya ce, "Ta yi kama."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Daga ranar bai ƙara kawo ta bencina ba. Muna gaisawa, muna tambayar iyali, naman Sallah bai daina zuwa ba, shinkafar ma haka. Amma kwanon rana ya mutu. Yau ya ce aiki ya riƙe shi, gobe ni in ce zan je kai kaya. Bayan an ba mu jiha aka mai da shi Dutse. Na raka shi tasha. Jitar tana naɗe cikin bargo a kan kayansa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko har yanzu yana kaɗawa a coci.

Ya ce, "Na bari, Malam Idi. Da ka bar ta da sabon fentin, da na haƙura na ce yayana ya tafi. Yanzu in na ɗauka ina neman hannun Ayuba, sai in ga naka."

Motar ta tashi. Ban ƙara ganinsa ba, kuma ban san ko yana raye ba.

Ka riƙe wannan. In ka yi wa mutum ɓarnar da ba ta gyaruwa, kada ka kawo masa mai kama da abinsa. Ka kai masa kanka, ka sunkuyar. Neman gafara ya fi ƙwarewa wuya, shi ya sa na gudu na ɓuya a bayan samfefa.

Da abin ya tsaya nan, da aboki kawai na rasa. Amma tela ya ba da labari, labari ya kai Maigatari, kunnen wani ɗan kasuwa, Alhaji Illa, mai shigo da kayan rediyo da na kiɗa. Ya zo har shago da sababbin jitoci a kwali, irin masu arahar nan marasa nauyi, suna ƙyalli kamar kwanon amarya.

Ya ce, "Malam Idi, waɗannan sun ƙi tafiya. Makaɗa ba sa son sabuwa, cewa suke jabu ce. 'Yar Kwatano suke nema, wadda Bature ya gaji da ita, wai ita ce mai aminci. Ka tsofar mini da su."

Na yi dariya na ce, "Alhaji, mutane na kawo tsoho a sabunta, kai ka kawo sabo a tsofar?"

Ya ce, "Kai dai yi. Ido ke saye, ba kunne ba."

Na karɓa. Lokacin abubuwa sun yi tsanani, mai ya yi wuya, katako ya yi tsada, masu aurar da 'ya'ya sun koma sayen gadon ƙarfe. Na gaya wa kaina ni fenti kawai nake yi, abin da Alhaji zai faɗa a kasuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mahaifiyarka ta sake magana. Ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin sana'ar da ake biyan mutum ya lalata abu ba." Na ce mata ba ta san kasuwa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na so aikin. Ka taɓa tambayata ko ni a ganina tsohuwar fuska ta fi sabuwa kyau, na share zancen. To, ga amsa. Ta fi. Jitar da ta sha hannu tana da kwarjinin da sabuwa ba ta da shi, kamar sandar makiyayi ko allon da aka daɗe ana wankewa. Mutanenmu na nan ba sa ganin haka. Manomin Gagarawa in ya sayi keke ba ya cire ledar sirdi sai ta yage da kanta. Wani ya taɓa shigowa shago ya ga ina jifan sabuwar jita da makullai, ya fita yana salati, ya ce Idi ya taɓu. Amma makaɗan Damagaram da na Kano da sun gani sai idonsu ya yi haske. Na daɗe ina tunanin me suke gani. Daga baya na gane ba ƙarzunan suke so ba. Mutumin da suke zaton ya yi ƙarzunan suke so. Suna sayen shekarun wani, da guminsa, da wuraren da ya je. Ni kuwa abin da nake sa musu a kwali babu kowa a cikinsa. Daga ni sai goro da makullai.

Wanda ya nuna mini haka wani saurayi ne, Haladu, daga Sule Tankarkar. Yana kiɗa a gidajen biki shi da abokansa. Ya zo da jita shuɗiya a buhu, ya ce an gaya masa ina gyara, wuyanta ya karkace, tsirkiya ba ta zama daidai. Tun kafin ya gama fito da ita na gane ta. Aikina ne. Kuma na san abin da ya karkatar da wuyan: ranar da na shanya ta a ciki ce, ɗanyen katako ba ya jure wannan.

Ya ce, "Baba, ka lallaɓa mini ita, don Allah. Bijimin da nake huɗa da shi na sayar na saye ta. Alhaji ya ce wani Bature ne ya kaɗa ta tun yana yaro har ya tsufa. Dubi nan inda hannunsa ya ci. In ina kiɗa sai in ji kamar yana tsaye a bayana."

Yana magana yana shafa wurin, daidai yadda Malam Bitrus ya shafa tasa. Na kasa jurewa. Na ce, "Yaro, zauna." Na gaya masa babu wani Bature. Na ce sabuwa ce, a nan shagon aka tsofar da ita, kuma wuyan ba zai miƙe ba. Bai yarda ba, sai da na ɗauko ɗaurin makullan na ɗora bakin ɗaya a kan wani rami a bayanta, ya zauna cif.

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba, da ka bar ni."

Ya mai da ita buhu ya tafi. Na ji ya je wurin Alhaji Illa an yi hayaniya, bai sami komai ba. Damina ta zo ba shi da abin huɗa, kuma abokan kiɗansa sun sami abin tsokana. Daga baya aka ce ya tafi ci-rani kudu. Alhaji Illa kuwa ya aiko aka kwashe sauran kayansa, ya ce ba ya hulɗa da mai sakin baki. Na waiwaya wurin masu ba ni aikin gado da ƙofa, na tarar sun daɗe da komawa wurin wasu. Wanda ka ce wa "dawo jibi" sau da yawa, wata rana ba ya dawowa.

Har yau ban san ko daidai na yi da na gaya wa Haladu ba. Abin da na sani shi ne gaskiya tana da lokaci, kuma lokacinta kafin a sayar ne. In ta zo bayan nan, wuƙa ce ta biyu. Saboda haka in mai shagonku ya sa ka tsofar da jita, ka nemi a gaya wa mai saye cewa ado ne aka yi mata. Akwai masu son adon don kansa, waɗannan ba ka cuce su ba. In kuwa ka ji ana ƙirƙira mata Bature ko wani tsohon makaɗi, ka ajiye samfefa. Na san abin da za ka ce: in ka ajiye, wani zai ɗauka, kai kuma ka kwana da yunwa a garin da ba ka da kowa. Haka ne. Ba ni da amsar wannan. Ni ma ban ajiye ba sai da aka ƙwace.

Kai kuma naka laifin nawa ne. Da ka gama makaranta ka zauna a shago, kamata ya yi in sa ka a haɗa ƙofa da taga, aikin da ba ya ƙarewa muddin ana gina ɗaki. Sai na ga idonka yana kan jitocin, ni kuma ina jin daɗin a ce akwai abin da na iya wanda babu mai yi a ƙasar Gumel. Na nuna maka duka. Ran da ka sami taka ta kanka, baƙar nan, ko mako ba ta yi ba ka kwance ta ka hau ta da samfefa. Ka kawo mini kana murna ka ce, "Baba, duba." Na duba. Ta fi duk wadda na taɓa yi. Na ce maka ta yi kyau, na zaga bayan shago na daɗe a tsaye. Ko waƙa ɗaya ba ka gama koya a kanta ba, amma ta riga ta yi kama da wadda ta gaji. Yanzu ko ka shekara talatin kana kaɗa ta, ba za ka taɓa sanin wane tabo ne naka ba.

Ba na ce ka dawo ba. Me za ka dawo ka tarar? Shagon da ƙura ta rufe injin feshinsa? Na so in bar maka sana'a, sai na bar maka dabara. Ina ba ka shawara ne ina sane da cewa ni aka ba ni irinta a cikin gidana, sau biyu, daga bakin mahaifiyarka, ban ji ba. Ban ga dalilin da zai sa kai ka ji tawa ba. Amma uba ba shi da abin yi sai faɗa.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi jin nauyin rubutawa. In za ka yi feshi ko kankara, ka fita fili, ka ɗaure hancinka da tsumma mai kauri, ko da za a yi maka dariya. Ni a cikin shago nake yi, ƙofa a rufe don kada a ga sirrin aikin, ina shaƙar fenti da garinsa shekara da shekaru. Tarin nan da nake ce muku sanyi ne, ba sanyi ba ne. Na je asibiti kafin tafiyarka. Likita ya saurari ƙirjina, ya tambayi sana'ata, na gaya masa. Ya rubuta magani, amma na ga fuskarsa. Yanzu daga gida zuwa masallaci sai na huta a hanya. Ban gaya maka ba don na san za ka fasa tafiya, ni kuma ba na son ka zauna kana kallona ina ƙarewa, ka ƙare tare da ni.

Ka riƙe salla. Ka ci abinci ko aiki ya yi yawa. Ka girmama mai gidanka, amma kada ka ba shi amanar lahirarka. In Allah Ya haɗa ka da abokin kirki, ko daga ina ya fito, ka tambaye shi labarin kayansa da na mutanensa tun kuna tare.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya ba ka halal, Ya sa ta ishe ka. Allah Ya sa ka fi ni, ba a hannu ba, a hankali. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini.

In mahaifiyarka ta aiko ta ce ka zo, kada ka tsaya gama aikin da ke hannunka, kada ka jira ƙarshen wata. Ka shigo motar farko.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi Kafinta